Yadda zaka riƙe aikin teknishan na lantarki a lab ɗin binciken fiziks na jami'a

A shagon gyara in talabijin ta kawo hoto da sauti shikenan, a biya ka kowa ya kama gabansa. A lab ɗin bincike kuwa na'ura tana iya kamawa, fitilunta duk su kunnu, ta fitar da lamba tsaf a allo, kuma lambar ƙarya ce, ɗalibin digiri na uku ya kwashe ta ya zuba a kundinsa, malaminsa ya sa hannu, a aika mujalla. Aikinka ƙanina shi ne lambar nan ta zama gaskiya, gyaran abin da ya ƙone ɓangare ne kawai. Zan bi da kai daki-daki yadda nake ganin ya kamata sabon shiga ya fara, ke ma 'yar'uwa da ke nake, don yanzu mata suna shigowa aikin nan kuma hannunsu a wajen sodarin ba wasa.

Takardu da ƙofar shiga

Wannan ba zan daɗe a kai ba. A Najeriya yawanci ND da HND ake bi a kwas ɗin SLT, wato fasahar aikin lab ɗin kimiyya, ɓangaren fiziks da lantarki, ko injiniyancin lantarki a foliteknik irin ta Kaduna ko ta Kano ko Nuhu Bamalli a Zariya, wasu kuma da digirin fiziks suke shigowa. Mai HND da rajista shi ake kira teknolojis, kuma rajistar ana yin ta ne da hukumar NISLT da ke Ibadan, wadda dokar 2003 ta kafa, ka yi ta da wuri don ranar ƙarin girma za'a tambaye ka. Albashi a jami'o'in tarayya kan tsarin CONTISS yake, ƙungiyarku ta teknolojis kuma NAAT ce. In kana ɗalibi yanzu, lokacin SIWES, wato koyon aiki a waje da makaranta ke tura ɗalibai, kada ka kai takardarka ofis ɗin da zaka zauna kana danna waya, nemi lab mai kayan aiki na gaske, misali cibiyar CERT ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya inda ƙaramin riyaktan nukiliya na bincike mai suna NIRR-1 yake aiki tun 2004, ko a Nijar cibiyar binciken radiyo-aisotof ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Wata shida a irin wajen nan ya fi shekara biyu a aji.

Makonnin farko: kada ka buɗe komai

Da gaske nake, ajiye sukudireba. Sabon shiga yana zuwa da zafin son ya nuna ya iya, sai ya hango tsohuwar na'ura a lungu ya ce bari in tayar da ita. Bari tukuna. Samo babban littafi mai kauri ka zagaya lab ɗin kana rubuta kowace na'ura, sunan kamfani, lambar samfuri, lambar jiki, wa ke amfani da ita, yaushe rabon da a kunna ta. Ka nemo littafin kowace, wasu suna cikin durowar Cif an ɗaure da roba tun zamanin Turawan da suka koyar a sashen, wanda babu ka sauke daga intanet, tsofaffin kayan Tektronix da HP da Ortec littattafansu har da zanen sakit ɗin gaba ɗaya suke zuwa, dukiya ce wannan.

Sannan ka lizimci Cif, wato babban teknolojis. Gaishe shi da safe yadda ya kamata, ranka ya daɗe an tashi lafiya, ka ɗaukar masa akwatin kayan aiki, ka yi ta tambaya. Akwai abubuwan da ba'a rubuta a ko'ina ba sai a kansa, irin soket ɗin can na kusa da taga wayarsa a juye take, ko waccan na'urar sai ta yi rabin awa a kunne kafin ta daina yawo da lamba. Ranar da ya yi ritaya ya tafi da su in ba ka kwasa ba.

Abu guda da zaka duba tun a zagayen nan shi ne bayan kowace na'ura da aka kawo kyauta daga waje. Kayan Amurka na bolt 120 ne da zagaye 60 a daƙiƙa, namu bolt 230 ne da zagaye 50. Da yawa suna da ɗan makunni a baya mai 115 da 230, in yana kan 115 ka soka a bango to ka ji ƙauri kenan. In ka juya shi zuwa 230 ka duba fiyus ma, galibi sai an sa mai rabin amfiya ɗin na da, kuma ka lura da harafin jikinsa, T mai jinkirin tsinkewa ne, F mai saurin tsinkewa. Wanda ba shi da makunnin sai tiransifoma mai rage wuta, ka manna masa takarda da jan biro babba.

Wuta da atin, nan ne rabin aikin

A Jamus ko Japan teknishan ba ya ɓata lokaci kan wutar bango, mu nan dole. Wutar Nepa ta zo 180, anjima ta haura 250, a ɗauke, janareta ya tashi da nasa halin, a dawo da wuta mai canji ya buga ba sanarwa. Na'urar da aka sayo da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na miliyoyi, abin da ke kashe ta kenan, ba ɗalibai ba.

Fara da mita a soket-soket. Tsakanin mai rai da nutiral ya ba ka kusan 230, tsakanin mai rai da atin, wato wayar kariya da ke kaiwa ƙasa, shi ma kusan haka, tsakanin nutiral da atin kuma ya zama ƙasa-ƙasa, bolt ɗaya ko biyu. In ka ga nutiral da atin suna ba ka 40 ko 90, ko lambar tana rawa, to wayar atin ɗin a iska take, ba ta kai ƙasa ba, kuma wallahi zaka sha mamakin yawan gine-ginen da haka suke. Bi wayar har inda aka binne sandar. A ƙasarmu mai tauri da rani sanda ɗaya ba ta isa, a ƙara sanduna a haɗa su da waya mai kauri, masu wayarin suna zuba gawayi da gishiri a ramin, yana aiki amma gishirin yana cin ƙarfe don haka sai ana dubawa. Ka roƙi sashen ayyuka ko sashen injiniya su ara maka na'urar auna atin, ka auna a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta fi bushewa, don awon damina yaudara ne. A lab ana so a samu ƙasa da om 5.

Bayan atin sai abin da zai tsaya tsakanin bango da na'ura. Sitabilaiza mai rile ɗin nan da ke ƙas-ƙas ta firji ce, kowane ƙas ɗin nan yana shiga cikin awonka. Ga kayan awo masu tsada UPS ake so irin wanda kullum daga batir yake haɗa wutarsa da kansa, wanda babu ɗan tsinkewa lokacin canji. In inbata da sola za'a sa, ka tsaya kai da fata sai mai fitar da wuta mai santsi irin ta Nepa, ba mai arha ɗin nan mai fitar da wuta kamar matakala ba, tana sa tiransifoma kuka da zafi, kuma tana cika lab da hayaniya. Teburin aikinka kuma a sa masa makatsin kariya mai faɗuwa a miliamfiya 30, shi ne zai cece ka ranar da hannunka ya kauce. Da damina in hadari ya haɗo da walƙiya, zare filogi gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba, har wayar intanet ka zare.

Teburinka

Ba sai ka jira an saya maka komai ba. Mita mai kyau, in da hali Fluke, in babu ko wacce ce mai fiyus na gaske a ciki. Osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar sigina a allo, ko ƙaramin Rigol DS1054Z mai layi huɗu da megahaz 50 zai yi maka yawancin aiki. Akwatin ba da wuta wanda ake iya ƙayyade masa karant. Ayan ɗin sodarin mai saita zafi, ka ajiye shi wajen digiri 320 zuwa 350, dalma mai 63/37 tana narkewa a 183, marar gubar nan kuma sai kusan 220 don haka ta fi wuyar sha'ani. Fulos, wato man da ke sa dalma ta kama, tsotsar dalma, madubin ƙara girma, da sinadarin aisofurofil na wanke bod. Ka wanke hannu bayan sodarin kafin ka ci abinci ko ka jefa goro a baki, gubar dalma taruwa take a jiki.

Sai igiyar hannu mai sauke wutar jiki, tana da rizista mai mega-om 1 a ciki. Da hunturu danshin iska a arewa yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kai kanka kana jin tas in ka taɓa ƙofar mota, to wannan tas ɗin dubban bolt ne, kuma ƙafar tiranzista irin MOSFET ko FET ɗin gaban firi-amf, wato sakit ɗin farko mai ƙara ƙarfin sigina, ba ya ɗaukar ko kusa da haka. Abin haushin ma ba lallai ya mutu nan take ba, sai ya raunana ya riƙa ƙara hayaniya, ka yi wata kana neman dalili.

Kafin ka yarda da osiloskof, ɗora tsinken a ɗan ƙarfen gwajin da ke gabansa mai fitar da kilohaz 1, ka juya ɗan sukurun jikin tsinken har kusurwoyin su miƙe sak. Ka tabbata in tsinken yana kan 10X na'urar ma ta san haka, in ba haka ba duk awonka ya kauce da ninki goma.

Yadda ake bin matsala

Dakta zai shigo ya ce na'urar nan ta lalace, shikenan bayanin. Kada ka karɓa haka. Cikin ladabi ka ce Dakta yaushe ta yi aiki na ƙarshe, me aka canza, wa ya taɓa, an matsar da ita ne, an ɗauke wuta tana kunne ne. Ɗalibi kuma ka cire masa tsoro tukuna, ka ce ba mai cin ka tara, faɗa min abin da ya faru, don in yana tsoro ƙarya zai yi maka ka ɓata kwana biyu a banza.

Daga nan ka fara da abu mafi arha. Kebul, filogi, fiyus, saitin maɓallai. Mafi yawan abin da ake kawo min a matsayin ya lalace, kebul ne ya tsinke daga ciki wajen wuyan BNC, wato kan kebul ɗin da ake murɗawa ya kama, ko wani ya murɗa wani maɓalli. Mitar da ta daina auna karant kuwa kusan kullum wani ne ya bar tsinke a ramin amfiya ya je auna bolt, fiyus na ciki ya tafi.

In sai an buɗe, zare wuta, ɗauki hoton ciki da waya kafin ka cire ko waya ɗaya. Yi amfani da ido da hanci, kafasita mai kumburin kai, rizista da ya yi baƙi, sodar da ta tsage zobe a gindin ƙafa, gidan zanzaro, kashin ɓera, ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Babbar kafasitar sashen wuta tana riƙe kusan bolt 325 ko bayan an zare filogi, kada ka haɗa ƙafafunta da sukudireba irin na 'yan kasuwa, sa rizista mai kilo-om 22 wat 5 ka ba shi minti guda, sannan ka auna da mita ka gani da idonka.

Sashen wuta shi ne farkon zargi koyaushe. Auna kowane layi, 5 ne, 12 ne, 15 ne na sama da na ƙasa, ka gwada da abin da littafi ya ce. Mita kaɗai ba ta isa, sa osiloskof a AC ka ga ko layin yana rawa. In ka ga tudu yana maimaituwa duk milisakan 10, wato sau 100 a daƙiƙa, kafasitar tacewa ce ta bushe. Kafasitocin nan masu ruwa a ciki, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu, to ka lissafa na'urar da ta shekara talatin a ɗakin da AC ɗinsa ya mutu, a garin da ake ganin 40 a watan Afrilu. Tsohuwar na'urar da ta daɗe a ajiye kuma kada ka soka ta kai tsaye, jera mata kwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a kan wayar mai rai, in kwan ya haska ya dushe lafiya, in ya tsaya da haske tar akwai shot a ciki kuma kwan ya tare maka ɓarna. Dabarar masu gyaran rediyo ce kuma har gobe ba ta da na biyu, sai dai samun kwan ne ya fara wuya.

In wuta lafiya, raba hanyar sigina biyu. Sa sigina da ka sani a mashiga, duba a tsakiya, in yana nan matsalar tana gaba, in babu tana baya, sake rabawa. Abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, ka rubuta.

Gargaɗi mai muhimmanci, ɗan kadan nan na tsinken osiloskof, wato maƙalin atin, a haɗe yake da atin ɗin bango. In ka maƙala shi a ɓangaren wutar bango na cikin sashen wuta, ka yi shot kenan ta cikin osiloskof ɗin, tartsatsi, tsinke ya narke, wani lokacin bod ɗin ma. Wasu sai su karye ƙafar atin ta filogin osiloskof wai dabara, wannan mayar da jikin na'urar ne abin kisa. Tsinke mai auna bambanci ake sa wa, ko a ba abin da ake gyarawa wuta ta tiransifoma mai raba shi da bango.

Hayaniya

Nan ne teknishan na lab yake rabuwa da kowa. Masu bincike sigina ƙanana suke bi, tamokoful, wato wayar auna zafi, nau'in K yana ba da kusan maikurobolt 41 ne kacal a kowane digiri, wasu gwaje-gwajen ma nanobolt ake nema, kamar mai son jin raɗa ne a tsakiyar Kantin Kwari ranar jajibirin sallah. Ko rizista mai kilo-om 1 da ke ajiye ba'a haɗa shi da komai ba yana da tasa hayaniyar ta zafi, wajen nanobolt 4 a ma'aunin da ake amfani da shi, wannan ba yadda zaka yi da ita. Sauran kuwa duk naka ne ka kora.

Ka fara da gane ta. Mai maimaituwa duk milisakan 20 ta wutar bango ce. Mai kaifi-kaifi da sauri sosai, cajar laftof ce ko kwan LED ko inbata. Mai zuwa jefi-jefi, kwamfuresan AC ko firji ne yake tashi, ko wayar wani a aljihu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba wa allo ido wani yana kashe abubuwan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, laftof ma a zare cajarta ta koma batir a gani.

Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce zoben atin. Na'ura biyu, ɗaya a soket ɗin wannan bango ɗaya a na wancan, an haɗa su da kebul, to atin ya samu hanya biyu, ƙaramin karant yana zagayawa ta rigar kebul ɗin yana shiga awo. Maganin farko, duk kayan gwaji ɗaya su sha wuta daga wuri ɗaya. Wayoyin sigina su zama gajeru, a murɗe su biyu-biyu, a nisanta su da wayar wuta da tiransifoma, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Ƙaramin sakit a sa shi a akwatin ƙarfe, ko gwangwanin biskit ne, a haɗa jikin da atin. In kai ka haɗa bod, kowace IC ka sa mata kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar wutarta.

Manyan mitocin tebur irin Keithley suna da saitin NPLC, wato su ɗauki awo na tsawon cikakken zagayen wutar bango don hayaniyarta ta soke kanta, ka sa 1 ko 10, ka tabbata mitar ta san 50 muke. A kan janareta dabarar tana raguwa don zagayensa ba ya tsayawa daidai, shi ya sa yana da kyau ɗalibi ya rubuta a littafinsa ko awon nan a Nepa aka yi ko a janareta. In ana amfani da lokin amfilifaya irin SR830, wato na'urar da ke zaƙulo ƙaramin sigina mai zagayen da ka zaɓa daga cikin hayaniya, kada a zaɓi zagaye 50 ko 100 ko 150 a daƙiƙa, a ɗauki lamba irin 137. Auna ƙaramin rizistans kuma da waya huɗu ake yi, biyu su kai karant biyu su auna bolt, in ba haka ba wayoyinka kake aunawa.

Kebul ma magana ce. Na lab RG-58 ne mai om 50, na dish da na kyamarar tsaro om 75 ne, kuma a kasuwa in ka ce kebul na BNC shi za'a miƙo maka. Ga sigina mai sauri irin na fotomaltifulaya, wato bututun da ke mayar da ɗan haske ya zama sigina, sai ka rufe ƙarshen layin da om 50, in ba haka ba sigina ya je ya dawo ka ga biyu a maimakon ɗaya, na'urar ƙirga ta ƙirga ƙarya. Kuma kowace mita ɗaya ta RG-58 tana jinkirta sigina kusan nanosakan 5, a gwajin da ake son ditekta biyu su zo tare tsawon kebul ɗin kansa lissafi ne.

Babbar wuta, sanyi da radiyeshan

In lab ɗinku na nukiliya ne zaka tarar da akwatin NIM, wanda ake jera ƙananan na'urori da ake kira modul a cikinsa, tsari ne da aka fitar a Amurka tun 1964 kuma har yau ana aiki da shi, yana ba da bolt 6 da 12 da 24 sama da ƙasa, ka auna su kafin ka zargi kowane modul, kuma kada ka zura ko zare modul akwatin yana kunne. Bututun Geiger mai ƙirga radiyeshan yana cin ɗaruruwan bolt, fotomaltifulaya wajen dubu, ditektar jamaniyam mai auna hasken gamma dubu uku zuwa huɗu. Kan kebul ɗin babbar wuta SHV ne, akwai wani MHV mai kama da BNC da ake iya tura shi da ƙarfi ya shiga, ka raba su durowa daban. A hankali ake hawa da wutar a hankali ake sauka, sai ta kai sifiri ake zare kebul, hannu ɗaya a aljihu, kuma ba'a yin aikin nan kai kaɗai a ɗaki da dare. Fotomaltifulaya tana kan wuta haske ya same ta, ta tafi. Da damina danshi da datti a kan kebul suna sa wutar ta riƙa tsalle kana ganin ƙirge na bogi, goge da aisofurofil ka bari ya bushe.

Ditektar jamaniyam sai da ruwan nitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri. In ta huce ba'a ba ta wuta, in aka sake cika ta a jira aƙalla awa shida, in kuma ta fara hucewa rabi a bar ta ta huce gaba ɗaya kafin a sake sanyaya ta. Ka sa ranar cikawa a kalanda, ka san inda za'a samo ruwan tun kafin ya ƙare, har lokacin yajin aiki, don ita ba ta san da yajin aiki ba. Ruwan nan in ya koma iska yana ninka kusan sau 700, a ƙaramin ɗaki rufe yana korar iskar numfashi ba wari ba alama, buɗe taga, sa safar hannu da gilashi, kada a toshe bakin tulun.

Sos, wato abubuwan da ke fitar da radiyeshan, kuma hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya a Najeriya ce ke da iko a kansu. Ka sa bajon TLD ɗinka mai auna radiyeshan ɗin da jikinka ya sha, ka ɗauki sos da hantsaki, ka rubuta fita da dawowa, makulli a hannun mutum ɗaya.

Daidaita awo

Bayan kowane gyara sai ka tabbatar na'urar tana faɗin gaskiya da abin da aka riga aka san amsarsa. A gamma, siziyam 137 yana ba da tudu a allo a 662 keV, wato ma'aunin ƙarfin hasken, kobal 60 a 1173 da 1332, in ka bar ditekta ta daɗe tana ƙirga ba komai zaka ga na fotasiyam 40 a 1461 daga bangon ɗakin ma. Ditektar NaI, wato ta sodiyam ayodaid, mai lafiya faɗin tudunta a 662 wajen kashi 7 cikin 100 ne, ta jamaniyam wajen 2 keV a 1332, rubuta naka duk mako, ranar da ya fara faɗi ka san wani abu na tafe. NaI tana bin zafin ɗaki, AC ya mutu da rana tudun ya matsa, don haka a daidaita kafin awo da bayansa. Ka tuna ƙarfin kobal 60 yana raguwa da rabi duk shekara 5.27, siziyam kusan 30, lambar da ke jikin sos ta ranar da aka yi shi ce, sai an yi lissafi.

Na zafi, ƙanƙara da aka daka aka jiƙa da ruwa ita ce sifirinka. Tafasasshen ruwa kuwa kada ka ce 100 ne kai tsaye, a Jos da ke sama da mita 1,200 wajen 96 yake tafasa, a Zariya wajen 98. Ka ware mita ɗaya mafi kyau da wasu rizistoci masu inganci ka kulle, ba'a ba ɗalibai, da su kake gwada sauran. Kowace na'ura ka manna mata takarda, ranar da aka duba, wa ya duba, me aka samu. In na'ura ta kauce kuma ba ka iya dawo da ita ba, faɗa wa Farfesa a fili ko yana gaggawa, ranka ya daɗe tana aiki amma ban yarda da lambarta ba.

Ƙira, sayayya da zama da mutane

Da ka kwana biyu za'a fara cewa ka haɗa mana abu kaza. Kafin ka taɓa ayan ka zaunar da mai buƙatar, sigina nawa ne girmansa, saurinsa fa, daidai zuwa ina ake so, a rubuta a takarda ku duka ku gani, don Dakta yakan ce ɗan ƙaramin abu ne, bayan wata biyu ya zama wani abu daban. Koyi KiCad na zana bod, kyauta ne. Koyi Python da PyVISA don kwamfuta ta riƙa karɓar lambobi daga na'urori ta USB ko GPIB, ɗalibi ya huta da kwafa da biro. Arduino yana da daɗi wajen kula da zafin ɗaki ko kunna abu da kashewa, amma mai auna bolt na cikin Uno bit 10 ne, kusan milibolt 5 kowane taki, bai isa awon bincike ba sai ka ƙara masa na waje. Ka riƙa leƙa shafin cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya da na hukumar IAEA mai kula da makamashin nukiliya ta duniya, suna yin horo kan kayan awo da FPGA, wato IC ɗin da kai kake tsara sakit ɗin cikinsa, kuma suna ɗaukar 'yan Afirka.

Ƙananan kaya zaka samu a Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, amma jabu ya yi yawa a ko'ina, musamman manyan tiranzistoci da IC masu tsada, don haka abin da awo ya dogara a kansa a yi odarsa daga Mouser ko Digi-Key ko RS ko da zai daɗe. Matacciyar na'ura kada a zubar, ma'ajiyar kayan gyara ce, sai dai ka bi ƙa'idar sito don tana da lambar gwamnati. In za'a sayo sabuwa ka kutsa kai cikin maganar tun ana rubuta takarda, a sa bolt 230, a sa UPS, a sa kayan gyara da littafin gyara da horo, kuma ranar da ɗan kwangila ya kawo kada ka sa hannu sai an kunna an gwada a gabanka.

Ɗalibai kuma ka kafa musu doka tun ranar farko, ba mai kunna babbar wuta sai ka duba haɗinsa, ba mai fita da kebul, wanda ya ari abu ya rubuta suna da lambar waya a littafin aro, ya dawo da shi kafin a tashi ranar Juma'a.